Filayar Yankan Waya: Araha Ba Ta Ado, Garanti Kuma Ba Na Ganganci Ba Ne

A cikin kayan aikin mai gyaran waya babu wanda ake rainawa kamar ƙaramar filayar nan ta yanka, wadda masu gyara ke kira kata. Matashin da zai buɗe teburin gyara a Saulawa, ko Ikara, ko Makarfi, ko Kudan, zai yi kwanaki yana bincike a kan mita da na'urar narka dalma, amma kata sai ya ce a ba shi kowace iri. Bayan 'yan makonni bakinta ya gutsure, ya koma wurin mai shago, a ce masa kayan da aka saya ba a dawo da su. Daga nan sai rigima, kowa yana ganin shi ne mai gaskiya.

Gaskiyar kuwa a tsakiya take. Mai saye yana da haƙƙin a canza masa kayan da suka fito da aibi daga kamfani. Ba shi da haƙƙin a biya masa ɓarnar da ya yi da hannunsa. Wanda ya iya bambanta waɗannan biyun ya huta da asara, ya kuma huta da faɗa.

Kata ba kamar almakashi take yanka ba. Bakin almakashi wuce juna yake yi, na kata kuwa haɗuwa yake yi gaba da gaba, ya matse waya har ta rabu. Saboda haka ingancinta ya rataya a kan abu uku: taurin ƙarfen bakin, daidaituwar haɗuwarsa, da ƙarfin gaɓar da ta haɗa ɓangarorin biyu. Manyan kamfanoni irin su Knipex na Jamus, wanda aka kafa a 1882, suna bayyana taurin bakin kowace filaya da kaurin wayar da za ta iya yankawa. Wadda aka zuba a faranti a bakin kasuwa, babu suna babu kwali, ba ta yi wa kowa alkawarin komai ba. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Wannan ba yana nufin sai mai tsada ce ke aiki ba. Kayan Ingco da Total da ake samu a kasuwannin Zariya da Kano suna da sauƙin kuɗi, kuma na gaskiyarsu suna yi wa mai gyara aikin yau da gobe. Matsalar ita ce jabu, don suna a jikin ƙarfe ba shaida ba ne. Rubutun Cr-V, wato ƙarfen da aka haɗa da kuromiyam da banadiyam, kowa na iya buga shi. Gwaji a hannu ya fi rubutu. Mai saye ya rufe bakin katar ya ɗaga ta saitin haske: idan haske na ratsawa sosai ta tsakiya, ba za ta yanke siririyar waya ba, taunawa za ta yi. Ya riƙe hannayen biyu ya girgiza: idan gaɓar na rawa, nan gaba kaɗan baki zai saɓa. Sannan ya yanki silin jan ƙarfe guda ɗaya da can ƙarshen bakin. Minti biyu sun isa wannan gwaji, kuma ga wanda ya biya kuɗin mota daga Saulawa zuwa Sabon Garin Zariya ko kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, minti biyun sun fi masa sauƙi a kan sake dawowa.

Sai dai yawancin katar da ke mutuwa a hannun matasa ba jabu ba ce, aikin da ba nata ba aka sa ta. Kata iri biyu ce. Akwai siririya mai shafaffen baki, ta aikin lantarki mai laushi, wadda aka yi don yanke ƙafar ƙananan kayan gyara da wayar jan ƙarfe da ba ta wuce kaurin milimita ɗaya ko kusa da haka ba. Akwai babba mai kaurin baki ta masu haɗa wutar gida da sola. Wanda ya sa siririyar a kan ƙusa, ko wayar shinge, ko sifirin, ya kashe ta a yanka ɗaya. Har wayar da ake gani ja tana iya yaudara: tsakiyar wayar dish da wasu wayoyin caji masu araha baƙin ƙarfe ne aka lulluɓe da jan ƙarfe. Maganaɗisu na tona wannan asiri, don ba ya kama jan ƙarfe na gaske. In ya kama, a nemi babbar kata.

Kula da ita kuwa ba ya cin kuɗi. Ɗigon man keken ɗinki a gaɓa lokaci zuwa lokaci, goge baki da tsumma bayan aiki, da ajiye ta inda raɓa ba ta sauka. Damina na kawo tsatsa, hunturu na cusa ƙura a gaɓa har ta cije. Waya mai kauri ana yanka ta ne a gindin baki kusa da gaɓa, ba a tsini ba, kuma ba a murɗa kata ana yanka, ba a buga ta da guduma, ba a ɓamɓare murfin waya da ita.

Akwai kuma batun da ya wuce kuɗi. Robar da ke hannun kata ba hujja ba ce cewa tana kare mutum daga wuta. Wadda aka yi don wannan aiki tana ɗauke da alamar 1000V da hoton kusurwa uku guda biyu, bisa ƙa'idar IEC 60900, kuma ana gwada ta da bolt 10,000 kafin ta fita daga kamfani. Matasan da ke haɗa sola a shagunan cajin waya su suka fi buƙatar sanin haka. Haka nan yanke wayar batir ja da baƙa a lokaci guda yana haɗa su ta bakin ƙarfen, kuma batirin litiyam da aka yi wa haka yana iya kumbura ko ya kama wuta. Ɗaya bayan ɗaya ake yanka su.

To, me ya kamata a sa rai daga garanti? Ko manyan kamfanonin duniya abin da suke ɗauka shi ne aibin ƙarfe da aibin ƙira: baki da ya tsage a kan wayar da aka ce yana yankawa, gaɓar da ta saki tun farko, hannu da ya karye ba tare da an tilasta shi ba. Dakushewar yau da gobe, tsatsa, da bakin da wuta ta ci, duk na mai kaya ne. A Najeriya, dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kaya masu aibi cikin wata uku, a gyara masa, ko a canza, ko a mayar masa da kuɗinsa. Rubutun "ba a dawo da kaya" a kan rasit bai soke wannan haƙƙi ba.

Masu shago suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Ribar kata ɗaya kaɗan ce, dilan da ya ba su kaya daga Legas ba ya karɓar komai, ga kuma masu zuwa da katar da kowa ya ga an sare ƙusa da ita suna rantsuwa haka suka same ta. Amma maganin wannan ba hana kowa haƙƙinsa ba ne. A gwada kaya a gaban juna, a rubuta suna da lambar katar a rasit, a faɗi kwanakin da za a iya dawowa da ita. Da wayar hannu mai saye zai ɗauki hoton rasit da na bakin katar a ranar da ya saya, shi ke nan gardama ta ƙare. Mai shagon da ya yarda da haka ba ya asara, abokin ciniki yake samu.

Shi ma mai wayar da bai taɓa riƙe kata ba, abin ya shafe shi. Dakusasshiyar kata fizgar waya take yi maimakon ta yanke, kuma fizga ɗaya ta isa ta ɗaga layin da ke kan injin waya ko fawa banki, ƙaramin gyara ya koma babba. Manomin rake a Makarfi ko mai tumatir a Ikara da ke jiran kiran dillali, da mai POS da ke jiran alat, su ne ke biyan wannan sakaci da kwanakinsu. Don haka kafin mutum ya miƙa wayarsa, ya dubi teburin mai gyaran. Wanda kayan aikinsa ke goge, a jere, babu tsatsa, yawanci haka zai riƙe wayar da aka ba shi amana.