A Dawo Mana Da Kofin WAFU, Ko Da Ƙarami Ne

Rabon da a buga gasar cin kofin ƙasashen Yammacin Afirka ta manya, wadda aka fi sani da Kofin WAFU, tun shekarar 2019 a birnin Thies na Senegal. A wancan karon mai masaukin baƙi ce ta ɗaga kofin bayan ta doke Ghana a bugun fenariti. An tashi a kan cewa Najeriya ce za ta karɓi baƙuncin gasa ta gaba a 2021. Shekarar ta zo ta wuce, ba a buga ba, kuma har yau shiru kake ji.

Idan ka leƙa gidajen kallon ƙwallo a Kano ko Jos ko Zinder, da wuya ka samu wanda wannan shiru ya dama. Hankali yana kan Firimiyar Ingila da La Liga. Amma akwai masu biyan kuɗin wannan sakaci, su ne 'yan wasan da ke taka leda a gida, waɗanda ba su da wata ƙofar sa rigar ƙasa sai irin wannan gasa.

Tarihin kofin ba shi da tsawo, sai dai akwai abin dubawa a cikinsa. A 2010 an buga shi a Jihar Ogun, Najeriya ta doke Senegal a wasan ƙarshe. A 2011 Togo ta zo har Abeokuta ta ƙwace shi. Ghana ta ɗauka a 2013 a gidanta. Daga nan sai gasar ta kwanta, ba ta farka ba sai a 2017, lokacin da tashar Fox Sports ta shigo da kuɗi a wata yarjejeniya ta shekara 12. Ƙasashe 16 suka hallara a Ghana, aka nuna wasannin a talabijin, har aka fara cewa to, yanzu kam an kama hanya.

Masu bibiyar ƙwallon gida ba za su manta da wannan gasa ta 2017 ba. Salisu Yusuf ne ya jagoranci tawagar Najeriya, cikinta har da Rabi'u Ali Pele na Kano Pillars. Sun doke Ghana da ci 2-0 a wasan rukuni, amma da aka sake haɗuwa a wasan ƙarshe a Cape Coast, Ghana ta rama da ci 4-1. Nijar ce ta zo ta uku. An ji zafin wannan kashi, babu shakka. Sai dai bayan 'yan watanni, a farkon 2018, kocin ya tafi Maroko gasar CHAN ta 'yan wasan gida da yawancin waɗannan yara, suka kai har wasan ƙarshe. Maroko ta lallasa su 4-0, amma har yau Najeriya ba ta taɓa yin nisa irin wannan a gasar ba.

A kwatanta da abin da ya faru a watan Agustan 2025. Najeriya ta je CHAN a Gabashin Afirka, Senegal ta ci ta 1-0, Sudan ta zazzaga mata 4-0, aka tattara kaya tun daga matakin rukuni. A gasar da ta gabata kuwa, wadda aka yi a Aljeriya a farkon 2023, ko gurbi ba ta samu ba, domin Ghana ce ta fitar da ita a wasan share fage. Ba zan ce rashin Kofin WAFU kaɗai ya jawo haka ba. Akwai matsalar 'yan wasa da ke ficewa waje da zarar sun ɗan yi fice, akwai kuma halinmu na kiran sansani a ƙurarren lokaci. Amma tawagar da ta buga wasa shida na gaske cikin mako biyu, ta sha matsin lambar 'yan kallon Ghana, ba za ta zama ɗaya da wadda aka tattaro aka ba ta wasan sada zumunci biyu ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne na Senegal. Da gasar yankinta ta tsaya, sai ga mai riƙe da kofin Yammacin Afirka tana zuwa Kudancin Afirka a matsayin baƙuwa don buga Kofin COSAFA, a 2021 da kuma 2022. A zuwan farko ma ta kai wasan ƙarshe, Afirka ta Kudu ta ci ta a fenariti. A watan Fabrairun 2023 kuma ta lashe CHAN a gaban 'yan kallon Aljeriya. Wato 'yan wasanta sun ratsa nahiyar gaba ɗaya neman wasan da ya kamata su samu a makwabta.

Ita COSAFA an fara ta ne a 1997. Ita ma ta taɓa tsayawa na wasu shekaru, amma ta dawo, kuma yanzu kusan kowace shekara ana yin ta. Zambiya ta ɗauki kofin sau bakwai. Ƙasashe irin su Lesotho da Eswatini da Malawi ba su fi mu kuɗi ba, ba su fi mu 'yan wasa ba. Abin da suka fi mu shi ne sun yarda su yi gasa daidai ƙarfinsu, a gari guda, a fili ɗaya ko biyu, kowa kuma ya san lokacinta. Mu kuwa mun ɗora tamu a kan wuyan tashar talabijin ɗaya ta ƙasar waje. Da kuɗinta ya daina zuwa, sai gasar ta bi shi. Kwaɗayin yin babbar gasa mai ƙasashe 16 shi ya hana mu riƙe ƙaramar da za mu iya.

Tun 2011 Hukumar CAF ta raba yankin gida biyu. Shiyya ta B tana da ƙasashe bakwai: Najeriya, Nijar, Benin, Togo, Ghana, Burkina Faso da Kwaddebuwa. Wannan shiyya tana shirya gasar 'yan ƙasa da shekara 17 da ta 'yan ƙasa da 20 ba fashi, saboda da su ake neman gurbin zuwa gasar Afirka, dole ce. To idan ana iya tara yara a Kumasi ko Yamai ko Lome, me ya hana a tara manya? Ƙasa bakwai, rukuni biyu, kwana goma zuwa sha biyu, an gama. Daga Legas zuwa Kwatano zuwa Lome zuwa Accra tafiyar mota ce a kan titi guda.

Za a ce ina kuɗi. Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ita ce a daina jiran mai ɗaukar nauyi guda. Kowace hukuma ta ɗauki nauyin kai tawagarta, mai masaukin baƙi ta ɗauki masauki da abinci, kamfanonin siminti da na sadarwa da bankunan da ke kasuwanci a ƙasashen nan su sayi talla. Hukumomin nan duk suna karɓar tallafin FIFA na bunƙasa ƙwallo, kuma ban ga bunƙasawar da ta wuce ba ɗan wasan gida wasa ba. Za a ce kalanda ta cika. Ai kakar wasan Firimiyar Najeriya yanzu tana ƙarewa ne wajajen Mayu, a dawo a Agusta. Tsakanin nan akwai fili, a nan ne ma COSAFA ta saba yin tata.

Wasu za su kawo maganar sabuwar gasar ƙasashe da shugaban CAF, Patrice Motsepe, ya sanar a Disambar 2025, wadda za a fara a 2029, kuma za a riƙa yin Kofin Afirka duk bayan shekara huɗu. An tsara wannan gasa ne a ranakun da FIFA ta ware, domin taurarin da ke Turai su samu zuwa. Kowa ya san wanda koci zai kira idan Osimhen da Lookman suna nan. Ɗan wasan Katsina United ko Wikki Tourist ko Sahel SC ta Yamai zai kalle ta ne a waya kamar kowa.

Akwai wani ɓangare kuma da ya shafe mu kai tsaye. Tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 dangantakar Abuja da Yamai ta yi tsami. An rufe iyaka na watanni, mutanen Jibiya da Illela da Maigatari sun ɗanɗana kuɗarsu, daga bisani Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Amma ba su fice daga WAFU ba. Ƙwallo ba za ta sasanta gwamnatoci ba, kada ma a ɗora mata wannan kaya. Sai dai wasa tsakanin Mena da Super Eagles ta gida, a Yamai ko a Kano, wasa ne da mutanen Maraɗi da na Katsina za su kalla suna tsokanar juna da harshe ɗaya. Kuma Mena ba kanwar lasa ba ce: ita ce ta fitar da Ghana da ci 2-0 a CHAN ta Aljeriya har ta kai wasan kusa da na ƙarshe, a gasar da mu muka kalla daga gida.

Bashin 2021 yana kan Najeriya, don haka Hukumar NFF ce ya kamata ta fara ɗaga murya. Duk karon da ƙasar ta karɓi wannan gasa, a Jihar Ogun aka yi. A wannan karon a duba Arewa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda filin wasa na Sani Abacha ke cika maƙil ranar da Pillars ke gida ya san matsalar kujeru babu kowa ba za ta taso ba. Akwai aiki kafin nan: a gyara ciyawa da fitilu da ɗakunan canza kaya yadda masu duba filaye na CAF za su amince, a kuma yi maganin masu jifa da kutsawa cikin fili, ɗabi'ar da ta sha jawo wa ƙungiyoyinmu tara da korar su daga gida. Nijar ma tana da gogewa, ta karɓi gasar Afirka ta 'yan ƙasa da 17 a 2015 da ta 'yan ƙasa da 20 a 2019, a Yamai da Maraɗi.

Abin da muke jira daga NFF da shugabannin Shiyya ta B ba wani taron ƙaddamarwa ba ne a otal. Su fitar da wata da rana da sunan gari, su sa a kalandar CAF, sannan su faɗa wa ƙungiyoyin lig tun da wuri domin su san lokacin da za su saki 'yan wasansu.