Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Duk wanda ya saba cin kasuwar Talata Mafara ya san yadda dattawa ke abota, kowace kabila da irin tata.

Dattijon Bahaushe abotarsa a zaune take: tabarma ɗaya a rumfa, goro ɗaya a raba biyu. Bafillace kuwa yakan shekara bai ga amininsa ba, amma yakan ba shi aron karsana, sai ta haihu a mayar masa da ita, maraƙi ya zama na wanda aka ara wa. Yarbawa da Ibo da suka tsufa a cikinmu suna taron 'yan garinsu, suna adashi, ranar biki ko makoki su haɗa kuɗi. Sa'an nan ga wasa: Bagobiri ya tsokani Bayarbe, Bafillace ya ce Babarbare bawansa ne, a yi dariya a watse.

Amma abotar da ta fi amfanar talaka ita ce ta manomi da makiyayi. Manomin Bakura ya ba Bafillace shanunsa kiwo, bayan girbi garke ya sauka gonarsa, ya ci kara ya bar taki. In shanu sun yi ɓarna, tsofaffin nan biyu ke kashe maganar tun ba ta kai gaban alƙali ba.

To, ina take yau? Tun wajen 2011 ɓarayin daji da 'yan sa-kai suka shiga tsakani. A 2021 aka sace 'yan mata 279 a Jangebe, aka sace ɗalibai a Bakura da Kaya ta ƙasar Maradun. A shekarar ce gwamnati ta rufe kasuwannin mako-mako, ta yanke waya. Ɓarayi aka nufa, amma dattawa ma suka rasa wurin ganawa. An buɗe kasuwa daga baya, tsoro bai tashi ba: Bafillace na shakkar shigowa gari, Bahaushe na shakkar zuwa ruga.

Jama'a, zumunta a ƙafa take. In tsohon abokin mahaifinmu ya shigo kasuwa, mu shimfiɗa masa tabarma, mu raka shi har bayan gari, kada mu bari a kama shi da laifin da bai yi ba. Dattawan nan ƙarewa suke yi, samarin da ke tasowa kuwa ba su taɓa cin tuwo a akushi ɗaya ba. Ranar da aka zo sulhu, wa zai shaidi wani?

Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.