Amanar Mai Karɓar Kiran Gaggawa

Magana ce a kan wanda aka ɗora bisa wurin da ake kai kukan gaggawa, shi kuwa ya aika da taimako. Abin da ya auku a ƙasar Anka da Bukkuyum ya isa darasi.

A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar yara suna ta mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma. Dalili kuwa, dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje yana ɗauke da dalma. Ƙurarsa ta gauraya da ƙasar tsakar gida, yara suka haɗiye ta. Kimanin yara 400 suka rasu.

Wajibi na farko a kan shugaba shi ne jin labari da wuri. An binne yara da yawa kafin kuka ya kai kunnen masu iko. Shugaban da ke jiran rahoto ya iske shi a kujera, makara ce rabonsa. Lalle ne ya haɗa kai da hakimai, limamai da masu zirga-zirgar kasuwanni, domin su ke fara ji.

Na biyu, sanin abin da za a gabatar. An buɗe wuraren jinya a Anka da Bukkuyum, amma yaron da aka yi wa magani, in ya koma gida mai guba, ciwon ya dawo. Saboda haka sai da aka kankare ƙasar gidaje, aka zuba mai tsabta. Ai ba a ɗiban ruwa da tulu mai huji.

Na uku, cika alkawari. Bagega ta yi ta jiran kuɗin gwamnatin tarayya, ba a share ta ba sai 2013, alhali yaranta suna zaune cikin guba.

Yanzu Nijeriya tana da lambar gaggawa, 112. Amma lamba ba ta tsamo wanda ruwa ya ci. Ambaliyar da ta auka wa Gummi a 2024 ta tuna wa jama'a cewa masifa ba ta sallama. Shugaban kirki tun ana zaman lafiya yake sanin motarsa, kwalekwalensa da wanda zai tasa da tsakar dare. Tun ran gini ran zane.

Allah Ya kiyaye. Haza wassalam.