Dara na shirin cin gida, kuma gwanayenta ne sila

Maganarmu ta wannan mako za ta sosa wa wasu iyayenmu da yayyenmu rai, mun sani. Muna neman afuwa tun yanzu, amma ba za mu janye ta ba.

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega, ya ratsa Bodinga ko Sifawa ko Shagari bayan la'asar, ya leƙa inda ake dara a gindin bishiya, to ya ƙirga furfura a kawunan da ke sunkuye a kan gurabun nan. Sannan ya nemi samari. Zai same su a shagon cajin waya suna ludo, wasu kuma sun duƙufa kan cacar ƙwallo da kuɗin da ba su da shi. In ka tambayi dattawan majalisa, amsa ɗaya ce: yaran zamani ba su da haƙuri, waya ta lalata su. Mu ba mu karɓi wannan amsa ba. Yaran sun zo, mun gan su da idonmu. Korar su aka yi.

Kwanakin baya a wata majalisa, wani yaro ɗan sakandare da ya daɗe yana tsayuwa a bayan manya ya samu wuri, don abokin wasan wani gwani ya tashi. Ya zauna jikinsa na rawa. Tun ba a gama zuba 'ya'ya ba duk wanda ya san dara ya san an gama da shi. Gwanin ya ɗana masa tarkon nan na kai da komo, inda ɗa ɗaya in ya matsa nan ya cika uku, in ya koma can ya sake cika uku, ya yi ta ɗauke masa 'ya'ya har goma, yaro bai ci ko ɗaya ba. Aka fashe da dariya, aka ce masa, "Tashi yaro, wanga ba wasan ƙanana ba na." Ba wanda ya nuna masa inda ya yi kuskure. Bai sake dawowa ba, kuma ba mu ga laifinsa ba.

Mu tuna yadda wasan yake, don waɗanda suka daɗe a ciki sun manta da wuyarsa. Gurbi 30 ne, jeri biyar, kowane jeri gurbi shida. Kowa na da 'ya'ya 12. Sai an zuba duka 24 ɗin, ɗaya bayan ɗaya, kafin a fara tafiya, kuma ba a yarda ka jera uku a lokacin zubi ba. Daga nan gurbi shida kawai suka rage a buɗe. Ɗa na matsawa gurbi ɗaya gaba ko baya ko gefe, ba ya karkacewa. Ka jera uku ka ɗauke ɗan abokin wasa. Huɗu a jere ba ci ba ne. Wanda 'ya'yansa suka koma biyu ya faɗi. Dokokin ba su da yawa, kodayake gari da gari akan ɗan saɓa. Wahalar tana cikin zubi. Dara yaƙi ce, kuma tun wurin girke dakaru ake cin ta ko a faɗi. Sabon shiga na zuba 'ya'ya 12 bai san dalilin ko ɗaya ba, sai can wasa ya yi nisa ya ga sakamako, lokacin ya manta abin da ya jawo masa. Ta ina zai koya?

Ba mu kaɗai ke da wasa mai wuyar shiga ba, bambancin shi ne wasu sun yi wa nasu ƙofa. A Ingila akwai kamfanin Games Workshop da ke birnin Nottingham, wanda ya fito da wasan yaƙi na kan tebur mai suna Warhammer 40,000 a 1987. Littafin dokokinsa ɗaruruwan shafuka ne, sojojin kuma 'yan mutum-mutumi ne da sai ka harhaɗa su da hannunka ka yi musu fenti. Da a ce da wannan littafi ake tarbar baƙo, da wasan ya mutu tuni. Sai suka yi ƙaramin akwati na masu farawa: 'yan sojoji kaɗan na ɓangare biyu, da ɗan littafi mai koyar da doka ɗaya, a gwada ta, kafin a ƙara ta biyu. Masu wasan Go na Sin da Japan da Koriya, allonsu layi 19 ne a tsaye 19 a kwance, mahaɗa 361, amma mai koyo a kan allo mai layi tara yake farawa, kuma gwani kan ba shi ratar duwatsu tun kafin a soma. Darar nan mai sarki da sarauniya da dawakai ma, malamanta da yawa da ƙananan sojoji kaɗai suke fara wa yaro. Da ita Tunde Onakoya ya shiga unguwannin talakawan Legas tun 2018 yana koyar da yara, har ya yi awa 60 yana buga ta a birnin New York a watan Afrilun 2024.

Kada wani ya ce ai wannan dabarar baƙi ce. A makarantar allo wa aka taɓa fara wa da hadda? Babbaƙu ake farawa da su, a je farfaru. A gona ma ba a danƙa wa yaro gandu, gayauna ake yanka masa, ya yi kuskurensa a inda asarar ba ta da yawa. Me ya sa dara ce kaɗai aka ce sai dai a jefa yaro a tsakiyar gulbi?

Abin da muke nema ba ya cin ko kwabo. Kowace majalisa, daga Danchadi da Dingyadi har Kajiji da Dandin Mahe, ta haƙa ƙaramar dara a gefen babba: gurbi 16, huɗu sau huɗu, kowa 'ya'ya shida. Ƙwallon dabino da guntun kara sun isa, ko murafen kwalba kala biyu. A nan ci huɗu ke ƙare wasa maimakon goma, yaro zai yi wasa biyar a lokacin da manya ke yin ɗaya, kuma in ya faɗi yana iya tuna zubin da ya kashe shi. A kwanakin farko ma kada a bar shi ya yi zubi. Mai koyarwa ya jera 'ya'yan da kansa, ya ce masa nemo ci a tafiya biyu. In ya gane tafiya da toshiya, sai a buɗe masa zubi. In ya hau mai gurbi 30, gwani ya ajiye 'ya'ya biyu ko uku a aljihu, ya shiga da tara ko goma, ya kuma yarda yaro ya maido da hannu sau ɗaya.

Mun san abin da za a ce, don an riga an faɗa mana: "Mu wa yak koya muna? Kallo munka yi." Gaskiya ne, Baba. Amma lokacin da kuka yi shekara uku kuna kallo, me ke kiranku a wani wuri? Yau a aljihun yaro akwai wasan da ke koya masa kansa a minti biyu, ya yaba masa, ya ba shi abokin karawa daidai ƙarfinsa. Da wannan kuke takara, ko kun so ko kun ƙi. Kuma a cikin waɗanda kuka fara kallo tare, nawa suka gaji suka tafi? Ku da kuka rage ne kawai ke ba da labari.

Wasu kuma sun ce ƙaramar dara ba dara ba ce, za ta saba wa yaro da sauƙi. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, ba za mu yi watsi da ita ba. Akwai dabarun da ba sa fitowa sai a fili mai faɗi, kuma yaron da ya shekara a gurbi 16 ya cutu. Shi ya sa muka ce ƙofa, ba ɗaki ba: mako biyu ko uku, a wuce da shi. Akwatin Turawan can ma yana da nasa aibi, domin ƙugiya ce ta ciniki, ka sayi ƙarami yau, gobe ka sayi runduna da kuɗi mai yawa. Tamu ba ta da mai sayarwa. Mun ma fi jin tsoron masu cewa a jira wani ɗan siyasa ya raba alluna a makarantu. Mun ga irin wannan rabo: a ɗauki hoto, a kulle kaya a ofis, gara ta gama da su.

Sai masu ganin dara ɓata lokaci ce gaba ɗaya. In an sa kuɗi ta zama caca, ba ruwanmu da ita, kuma majalisar da ake kiran salla ba ta tashi ba ta jawo wa kanta zargi. Amma yaron da kuka hana zama kusa da dattijo yana koyon lissafin tafiya uku a gaba, ba gida ya koma ya ɗauki littafi ba. Kun san inda ya tafi.

Ga gwanayen da har yanzu suke ganin mun yi musu rashin kunya, tambaya ɗaya muke da ita, kuma muna jiran amsarta a ƙasan wannan rubutu: a shekara goman da suka wuce, mutum nawa kuka cinye mun sani, kun sha ba mu labari. Yaro nawa kuka yaye har ya iya cinye ku?