Kada Na'urorin Korona Su Yi Tsatsa

A shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta shigo Nijeriya, hukumomi sun kashe kuɗi masu yawa wajen buɗe ɗakunan gwaji da sayen na'urorin PCR. Annoba ta lafa, amma gano cuta kaɗan ne daga cikin abin da waɗannan na'urori ke iyawa.

Kary Mullis na Amurka ne ya ƙago dabarar a 1983. Na'urar tana ninka ƙwayar gado sau biyu a kowane zagaye, har zagaye kamar 40, kuma irin ta zamani tana auna wani haske da ke ƙaruwa yayin ninkawar. In ana son sanin yawan aikin da wata ƙwayar gado ke yi, sai a ciro saƙonninta, watau RNA, a mayar da su DNA, a sa a na'ura. Samfurin da haskensa ya riga bayyana shi ya fi yawan saƙo. Ratar zagaye ɗaya ninki biyu ke nan, ratar uku ninki takwas. Sai dai tilas a daidaita lissafi da wata ƙwayar gado wadda aikinta ba ya hawa, ba ya sauka, in ba haka ba an auna hatsi da mudu biyu mabambanta.

To, ina amfanin wannan ga talaka? Sauron da ke kawo zazzaɓi ya soma jure maganin da ake sa wa gidan sauro. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne jikinsa na ƙara yin sinadaran da ke narkar da gubar. Idan aka kwatanta sauron unguwa da wanda magani ke kashewa, na'ura za ta nuna ko aikin ya ninka, sannan ma'aikatar lafiya ta san inda ya kamata a raba gidan sauro mai PBO, wanda ke toshe wannan kariya.

Amma na'ura kaɗai ba ta isa ba. RNA na saurin lalacewa, sai an adana shi cikin sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri. Saboda haka muna kira ga hukuma ta tanadi wuta tsayayya, ta ware kuɗin sinadarai kowace shekara, ta horar da ma'aikata, ta kuma buɗe wa ɗaliban jami'a ƙofar ɗakunan nan. Wanda ya sayi doki, ai bai kamata ya ji ƙyashin kuɗin ciyawa ba.