Siramik a Jikin Mota: Kwalliyar da Ba Ta Biyan Kuɗin Sabulu

Wani sabon yayi ya fara shigowa wuraren wankin mota da garejin masu fenti a manyan garuruwanmu, bayan ya gama zagaya wayoyinmu ta Facebook da TikTok. Sunansa siramik. Wani ruwa ne a ƴar kwalba da ake shafa wa fentin mota, sai a ce maka daga yau rana ba ta ƙona shi, ƙura ba ta kama shi, ƙarfe ba ya karce shi, har tsawon shekara 5 ko fiye. Ra'ayina a kansa ba ɓoyayye ba ne. Ga malamin lakwal ko uban iyali da ya sayi motar hannu da bashin banki ko kuɗin adashe, wannan asarar dukiya ce. Kuma asara ce mai haɗari, domin kuɗin da za a zuba a kan fenti daga wani wuri ake zaro su, wurin da ran ƴaƴanmu ya dogara da shi.

Mu fara da abin kansa, tunda mu masu alli ba mu yarda ɗalibi ya ba da amsa kafin ya fahimci tambaya. Ruwan nan yawanci yana ɗauke da sinadarin da malaman fizik-shimi ke rubutawa SiO2 a allo, wato silika. In an shafa shi ya bushe, yakan manne wa saman fentin ya zama wata fata siririya mai santsi wadda ruwa ba ya zama a kanta. Kaurinta bai wuce mikiron 1 zuwa 2 ba, shi kuwa mikiron kashi 1 ne cikin 1,000 na milimita. Ɗauki warƙa guda daga kayen ɗalibinka ka duba gefenta: kaurinta wajen mikiron 100 ne. Raba wannan gefen gida 50 ko 100, ka ɗauki guda. To, garkuwar ke nan da ake sayar maka. Fentin da kamfani ya yi wa motar tun daga masana'anta, da sharen ƙasa da launi da garai-garan da ke sama, dukansa ya kan kai mikiron 100 zuwa 150. Kenan ana so ka yarda cewa abin da fentin kamfani bai iya tarewa ba, fatar da ba ta kai kashi 2 cikin 100 na kaurinsa ba ita za ta tare.

Sai lambar da suka fi alfahari da ita, wadda ake bugawa da manyan haruffa a jikin kwali: 9H. Mai talla zai bar ka ka zaci cewa lu'ulu'u 10 yake, abinsa kuma 9, saura ƙiris. Wannan cakuɗa ma'auni biyu ne da ba su haɗa hanya ba. Ma'aunin da lu'ulu'u ke da 10 a cikinsa shi ne na Friedrich Mohs, wani Bajamushe da ya tsara shi a 1812 don taurin duwatsu: farcen mutum yana wajen 2.5, gilashi wajen 5.5, kwarts 7, lu'ulu'u 10. Shi kuwa 9H ma'aunin fensir ne. Fensirin nan dai da ake zane da shi, mai HB da 2B da 2H a jiki. Masu gwajin fenti sukan tura bakin fensir a kan abin da aka shafa, daga mai taushi zuwa mai tauri, su ga wanne zai bar tabo. Cewa abu ya kai 9H na nufin fensir mafi tauri bai karce shi ba, shi ke nan. Bakin fensir kuwa garin girafit ne da yumɓu.

Yanzu wa ke karce motoci a Tawa da Ƙonni da Damagaram? Ban taɓa jin wanda fensir ya ɓata wa mota ba. Yashi ne, kuma mafi yawan yashinmu kwarts ne, mai lamba 7 a ma'aunin Mohs, wanda ko gilashin gaba yakan dusashe shi a hankali. Abin dariyar ma, kwarts ɗin nan shi ma SiO2 ne. Ana sayar mana da ɗan digo a kwalba don ya kare mu daga babban yayansa da iskar hunturu ke watso mana kyauta tun daga Nuwamba har Maris. Duk ranar da yaron gida ya ɗauki busasshen tsumma ya goge ƙurar dare daga bonet, ya gurza wannan yashin a kan fenti, da siramik ko babu siramik. Tsakuwar da babbar mota ke harbowa a kan gudron tsakanin Dogon Dutsi da Ƙonni, ko a hanyar laterit zuwa ƙauyen da aka tura ka aiki, ita kam huda fenti take har ƙarfe. Abin da ke rage wannan wata leda ce ta daban mai kauri, wajen mikiron 150 zuwa 200, da ake liƙawa a gaban mota, kuma ta fi siramik tsada.

Kun ga bidiyon da ake kunna wuta a kan bonet, ko ake bugunsa da gindin birike, sannan a goge a ce ku duba babu tabo? Man da aka zuba ne ke ci na ƴan daƙiƙoƙi, harshen wutar kuma sama yake yi, fentin da ba a shafa wa komai ba ma yakan tsira daga wannan wasan. Zanen da birike ya bari kuwa robarsa ce ta goga a kan fenti, shi ya sa tsumma ke share shi. Wanda ya yarda da abinsa, ya watsa yashi a kan bonet ɗin ya gurza da tsumma a gaban kyamara. Fankan fankan ba shi ne kilishi ba.

Zan yi wa siramik adalci, domin yana da abin da yake yi. Yana ƙara sheƙi. Ruwa yana gangarewa daga kansa, datti ba ya kama shi da ƙarfi, wanki yana yin sauƙi, kashin tsuntsu kuma ba ya saurin cin fenti in an wanke da wuri. Ga mai sabuwar mota fil, mai gareji rufaffe da direban da ya san yadda ake wanki, wanda jika 200 ba ta hana shi barci, ba ni da ta cewa, dukiyarsa ce. Amma sai mu duba sharuɗɗan da wannan amfanin ke tafe da su, mu ga ko namu ne.

Sharaɗin farko, kafin a shafa sai an wanke motar tas, an cire duk abin da ya maƙale a fenti, an goge shi da injin sheƙi har tabo ya ɓace, sannan a share shi da alkol. Gogewar nan ita ce mafi yawan aikin, ita ce kuma mafi yawan sheƙin da kake gani ranar da ka karɓi motar, kuma duk gogewa cin garai-garan fenti take, wanda dududu bai wuce mikiron 40 zuwa 50 ba. Motocinmu kuwa, waɗanda suka yi shekara 10 ko 15 a Turai ko Amurka kafin su sauka a tashar Kwatano ko Lome, da yawansu fentin ya riga ya gaji, wasu an sake fesa su a gefen hanya. Fentin da ya fara ɓarewa siramik ba ya ɗinke shi. Rufe shi kawai zai yi yadda ya same shi.

Na biyu, ana shafa shi ne a ɗaki rufaffe marar ƙura, ba cikin rana ba, sannan a hana ruwa taɓa shi na aƙalla awa 24, a jinkirta wanki na kusan mako guda. Ku nuna mini rumfar kwano a bakin titin Maraɗi cikin watan Janairu da ta cika wannan sharaɗi. Ƙurar da ta sauka a kansa kafin ya bushe ta zama ƴar gida, sai an sake sa inji za ta fita.

Na uku, bayan an shafa, masu yin sa da kansu sun ce a riƙa wanke motar da sabulu na musamman marar kaifi, da tsumma mai laushi, da ruwa wadatacce, a inuwa, a kuma tsane ta nan take. Ruwan rijiya ko na foraj in ya bushe a kan mota cikin zafin Afrilu da ya haura digiri 40, gishirin da ke cikinsa yakan bar ɗigo-ɗigon tabo, kuma siramik, da yake tara ruwa yake ƙwaya-ƙwaya, bai tsira daga wannan ba. Mu kuwa wankinmu bokiti ɗaya ne da garin Omo da tsohuwar riga. A Damagaram, inda ƙarancin ruwa tsohon labari ne kuma gidaje da yawa ke jiran ɗan ga-ruwa, wa zai ware jarka huɗu don ladabtar da bonet? Takardar garanti da ake ɗaga maka kuwa, a ƙasashen da ake mutunta ta ma, galibi tana ɗaure ka da komawa wurinsu dubawa duk shekara, in ka tsallake ta faɗi.

Sai batun kuɗi. A Amurka ƙwararru kan karɓi daga dalar Amurka 500 har sama da 2,000 a kan wannan aiki, kuma ba dalarmu ta tamma biyar nake nufi ba. Mafi ƙarancinsa ya haura jika 250. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yanke a Nijar tun Janairun 2024 jika 42 ne. In wani ya ce zai yi maka da jika 20 ko 30 cikin awa ɗaya, to feshi ne na ƴan watanni ya yi maka, ɗan'uwan kakin mota da muka sani tun da, aka sauya masa suna. In kuwa na gasken ne, lissafa shi da buhun hatsi, da kuɗin rantire na Oktoba, da kayan karatun yara uku.

Za a ce mini yana ƙara wa mota daraja ranar sayarwa. Ku je kasuwar motoci ku tsaya ku ga abin da mai saye ke yi. Bonet yake buɗewa, ya saurari inji, ya gwada giya, ya kunna kilim, ya leƙa ƙasa ko mai na ɗiga, ya nemi takardun duwan da kart giriz. Wanki mai kyau ranar ciniki ya ishe shi sheƙi. Za a kuma ce, ai kuɗina ne, ina ruwanka? Gaskiya ne, ba na shiga aljihun kowa. Amma motar da kake loda wa ƴaƴanka da na maƙwabta kullum safiya zuwa lakwal ta wuce zancen aljihunka kai kaɗai.

Nan ne abin ya fi ci mini rai. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, a rahotonta na 2023 ta ce haɗarin hanya yana kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, wato shekarun waɗanda ke zaune a azuzuwanmu, kuma in aka auna da yawan jama'a yankin Afirka ne ya fi kowane yanki asara. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da dusashewar fenti ta kashe. Amma sau nawa muke ganin mota tana walƙiya kamar ta amarya, tayoyinta kuwa sun suɗe kamar tafin hannu, bel ɗin baya ya nutse a ƙarƙashin kujera tun ranar da aka sauke ta daga jirgin ruwa?

Wanda ke da jika 100 ta rara don motarsa, ga inda zan ce ya kai ta. Ya durƙusa ya karanta gefen tayarsa: bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu na ƙarshe, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ya ga 2314, an yi tayar a mako na 23 na 2014. Manyan kamfanonin taya irin su Michelin sun ce daga shekara 5 a riƙa kai ta dubawa duk shekara, in ta kai 10 a sauya ta ko da zanenta bai cinye ba, balle a kan kwaltar da ke tafasa a bazara. Zanen da ya gaza milimita 1.6 kuwa, a Turai inda motar ta fito doka ta haramta hawa da shi. Ya sauya man birki, wanda ke tsotsar danshi har ya rasa ƙarfi, shi ya sa ake sabunta shi wajen kowace shekara 2. Ya duba matatar iska, domin ƙurar da yake tsoro a kan bonet ta fi ɓarna in ta shiga inji. Ya zuba wa lagireto ruwan sanyaya inji na gaske a madadin ruwan randa. Ya gyara fitilu, ya zaro bel ɗin baya ya koya wa yara ɗaurawa. OMS ta ce bel yana rage haɗarin mutuwar wanda ke cikin mota har zuwa kashi 50 cikin 100. Wace kwalba ce ke da irin wannan alkawari?

Fentin kuma, ga kariyarsa mai araha. Rumfa, ko ta zana ce, ta fi kowane shafe-shafe maganin rana. A kwarara ruwa a zubar da ƙura kafin tsumma ya taɓa jikin mota, a hana yara gogewa a bushe da rubuta sunayensu da yatsa. A yi wanki da sassafe ko da marece. A cire kashin tsuntsu da ƙaron itace ranar da suka faɗo. In ana son sheƙi, gwangwanin kakin mota guda zai kai ka watanni.

Mu malamai, kullum muna ce wa ɗalibai su duba ma'auni kafin su rubuta lamba, su tambayi 9 ɗin me. Abin kunya ne a ce mu ne kwali mai rubutun zinare zai ruɗa da H guda ɗaya. Yaran nan kuma suna kallonmu. Wanda ya ga ubansa ya ci bashi don mota ta yi walƙiya alhali birki na ƙara, ya koyi darasin da babu goge-allon da zai share shi. Duk wanda aka yi wa tayin siramik a wannan makon, ya fara durƙusawa ya karanta lambobin nan huɗu na jikin tayarsa, sannan ya yanke shawara. Allah ya kiyaye hanya, ya tsare mana zuri'a.