Rigar da Ake Harara a Dandume

Maganarmu ta wannan mako a kan rubutu mafi gajarta ce: kalmomi biyar ko shida da ake bugawa a ƙirjin riga.

A Dandume riga mai magana ba baƙuwa ba ce. Duk kakar zaɓe fuskokin 'yan takara kan cika tasha da kasuwar hatsi, har a gonar masara ana noma da su bayan an manta wanda ya raba. Ba mai tare ka a kansu. Haka idan matashi ya sa wadda aka rubuta wa "Allah ya kawo ƙarshen 'yan bindiga", dattijon da bai san shi ba zai ce amin, ɗan acaɓa ya ɗaga masa hannu. Dole ne. Mutanen Dandume da Sabuwa da Faskari sun binne 'yan uwa, sun sayar da buhuna da shanun huɗa sun biya kuɗin fansa, kuma ba wanda ya manta Disambar 2020 da aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara.

To, a sauya kalmomin. A rubuta "Ba kowane Bafulatani ne ɗan bindiga ba", a shiga motar Funtuwa da ita. Hirar mota za ta mutu. Wani ya yi tsaki, wani ya tambaya da murmushin da bai kai ciki ba, "Samari, kai ɗan wane gari ne?" Daga nan sai kalmar da kowa ke tsoro ta faɗo: infoma. A yankinmu mutum na iya rasa ransa a kan wannan kalma tun kafin a kai shi gaban 'yan sanda.

Da masu hararar nan muke. Hujjarsu ita ce wanda aka kashe wa ɗa ba ya bukatar wa'azi. Muna girmama hawayensa. Amma wa rigar ta kare? Ba ta ambaci mai bindiga da alheri ba. Mai tallar nono take karewa, wadda ta daina shigowa kasuwa don tsoro, da makiyayin da ɓarayin nan suka fara kore wa garke tun kafin su waiwayi manoma. Daga Zamfara zuwa nan, kisan kan mai uwa da wabi da wasu 'yan sa-kai suka yi yana cikin abin da ya hura wutar, kuma shi ne ƙorafin da shugabannin daba ke ɗaukar yara da shi. Duk rugar da aka ƙona babu bincike, an yi musu aikin ɗaukar sabbin yara kyauta.

Mu tuna Uromi a Jihar Edo, Maris 2025. 'Yan banga suka tare matafiya, mafarauta 'yan Arewa masu komawa gida sallah, aka kashe 16 saboda an gan su da bindigogin farauta an kuma ji harshensu. Mun yi kuka, mun cika Facebook da waƙoƙin ta'aziyya. Da a ce a makon nan wani saurayin Edo ya fito da riga mai cewa ba kowane Bahaushe ne mai garkuwa da mutane ba, da mun yaɗa hotonsa mun kira shi jarumi. Jimlar ke nan fa, suna kawai aka canza. A can jarumi, a Dandume infoma?

Akwai kuma rigunan da ake rabawa a taron bita a otal, da Turanci, ɗauke da kurciya da kiran zaman lafiya. Waɗannan ba mai harararsu, domin ba su ce komai ba. Wa ya taɓa cewa yana adawa da zaman lafiya? Jajayen rigunan masu neman a dawo da 'yan matan Chibok a 2014 sun faɗi abu ɗaya takamaimai, shi ya sa a watan Yunin shekarar kwamishinan 'yan sandan Abuja ya yi yunƙurin hana zamansu.

Ba cewa muke a tura yara kasuwa su saka wuyansu ba. Riga tana da haɗari ne saboda jimlar da ke kanta baƙuwa ce a kunnen jama'a, kuma sabar da kunne aikinmu ne. A littattafai nawa na 'yan shekarun nan Bafulatani ya fito a matsayin maƙwabci mai suna da iyali da bashin da ake binsa? Galibi daga daji yake fitowa da rawani da bindiga, ya koma.

Aikin wannan mako: kowa ya kawo jimlar riga da Hausa, kada ta wuce kalma bakwai, wadda manomin da ya biya kuɗin fansa zai iya karantawa har ƙarshe, kuma mai tallar nono ta ji an yi da ita. Wanda ya iya ajami ya haɗa da shi, don da yawa a kasuwar hatsi shi suka fi karantawa.